Karkarwar da Ke Ƙafar Barau

Saniyar ta fito ne daga bayan wata ɗorawa, gab da shiga 'Yargoje, ba sallama ba komai, ta tsaya ƙiƙam a tsakiyar titi. Malam Barau ya danna birki. Nan take abin ya dawo. Ƙafarsa ta dama ta ɗauki karkarwa tun daga tafi har gwiwa, hannuwansa biyu da ke kan sitiyari su ma suka amsa. Motar ta tafi tana tsuma kamar mai zazzaɓi, ba ta tsaya ba sai da hancinta ya kusa shafar ƙugun saniyar.

"Innalillahi!" in ji wata tsohuwa a kujerar baya. Matar da ke kusa da ita ta rungume jaririnta tana salati.

"Baba direba, lafiya dai?" in ji wani ɗan kasuwa da ke zaune a gaba.

"Lafiya lau," in ji Barau. "Shanun yanzu ne ba su da tarbiyya."

Aka yi dariya, aka ci gaba da tafiya. Shi kaɗai ne bai yi dariyar ba. Ya kalli jaririn nan ta madubi, gumi na bin bayansa, ya ce a ransa, shi ke nan, yau an zo ƙarshe.

Wata biyu ke nan yana fama da wannan abu, kuma ko matarsa Mansura bai faɗa wa ba. Ai ya san ciwon, a gidansu ya tashi ya gan shi. Mahaifinsa Malam Audi haka ya fara. In yana zaune lafiya ƙalau, amma da zarar ya ɗaga fartanya ko ya sa ƙarfi a wani abu, sai jiki ya ɗauki rawa. A ƙarshe lomar tuwo ma sai an ba shi a baki. Bara kuma ga yayansa Gide ya fara, yanzu ko maɓallin riga sai 'ya'yansa sun sa masa. To shi Barau, mai shekara hamsin da huɗu, da ya ji ƙafarsa na rawa duk lokacin da ya taka birki, wa zai tambaya? Ya sha saiwoyi, ya sha rubutu, ya shafa man habbatussauda har wandonsa ya yi tabo. Abu sai gaba yake.

Kuma motar ba tasa ba ce. 'Yar bas ce mai ɗaukar mutum bakwai, ta Hajiya Lauratu, matar marigayi ubangidansa. Da ita yake jigila tsakanin Faskari da Ƙanƙara, wani lokaci har Sabuwa, kuma gida biyu take ciyarwa, na Hajiya da marayunta, da nasa. In ya ajiye tuƙi bai san inda zai dosa ba. Gonar gadonsu tana can bakin daji bayan Mabai, shekara uku ke nan ba mai iya zuwa ya dawo lafiya. Wannan ne ya sa ya yi ta ɓoyewa, yana cewa gobe zai faɗa, gobe zai faɗa. Amma yau da ya ga jaririn nan ya ji kunyar Allah ta kama shi.

A tashar Ƙanƙara ya sauke fasinja, ya sauke musu buhunansu. Sannan ya yi abin da ya saba yi tun da zafin bazarar nan ya shigo. Ya ɗauko jarkar ruwa a bayan mota, ya durƙusa gaban tayar gaba, ya tuttula ruwan ta tsakanin ramukan ƙarfen tayar. Caaa! Tururi ya tashi. Ya zagaya ɗaya gefen ya yi mata haka.

"Sha, baiwar Allah," ya ce a hankali. "Yau ne na ƙarshe a hannuna."

Ya kira Hajiya Lauratu a waya ya ce yana nan tafe bayan la'asar, akwai magana. Amma ba a mayar da amana da ciwo a jikinta, don haka ya ga ya kamata bakanike ya fara duba ta. Ya nufi garejin Salihu, can bayan kasuwar hatsi, ƙarƙashin wani tsohon mangwaro.

Salihu ɗan kawunsa ne, wato taubashinsa, kuma tun suna yawo ba wando ba su taɓa haɗuwa ba tare da sun tsokani juna ba. Yana kwance ƙarƙashin wata mota ya hango tayoyin, ya gane su.

"A'a! Yau bawana ya tuna da ubangidansa?" ya ce, yana fitowa yana goge hannu da tsumma. "Halan yunwa ta koro ka?"

Da a ce ranar lafiya ce, da Barau ya ce masa wane ubangida ne ke kwana ƙarƙashin motar mutane kamar ƙadangare. Amma ba yau ba. Ya kashe mota, ya zare makulli, ya miƙa masa.

Salihu ya kalli makullin, ya kalli Barau. Duk tashar Ƙanƙara an san Barau ba ya ba kowa makullin motarsa. Ko juyen baƙin mai za a yi, shi ke hawa da ita kan rami da kansa. Shekara shida motar nan na hannunsa, ɗuwawun wani bai taɓa zama a kujerarsa ba.

"Mi ya faru?" in ji Salihu, muryarsa ta sauya.

"Ba komai. Ka zagaya da ita, ka saurare ta. Duk abin da ka ji ka gyara. Yau zan mayar wa Hajiya kayanta."

"Kun yi faɗa ne?"

"Kai dai tahi."

Salihu ya shiga ya ja. Barau ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya sa kai tsakanin gwiwoyi. Bai kai ga gama tunanin yadda zai fara yi wa Hajiya bayani ba sai ga motar ta dawo. Salihu ya leƙo ta taga tun kafin ya tsaya, ransa a ɓace.

"Barau! Da wanga birki kake ɗaukar 'ya'yan mutane? Ba ka tsoron Allah?"

"Mi ya samu birkin? Ai yana kamawa."

"Yana kamawa! Na taka shi gaban masallacin Juma'a, ƙafata ta kama rawa kamar ana kaɗa mata kalangu. Sitiyarin ma sai da ya nemi ƙwacewa."

Barau ya miƙe a hankali.

"Ƙafarka ta yi rawa?"

"Har gwiwa."

"Kai ma?"

"Kamar ya ni ma? Ko gwamna ya taka birkin nan sai ƙafarsa ta yi rawa."

Barau ya koma ya zauna daɓas a kan tayar. Sai maganar da ya danne wata biyu ta ɓalle. Ya faɗa masa komai, tsoron ciwon mahaifinsa, saiwoyin, rubutun, man shafawar, saniyar 'Yargoje, da jaririn da ya gani ta madubi.

Salihu ya fara dariya. Ya yi ta har ya dafa mota, har ya zauna a ƙasa, har hawaye ya fito masa. "Shekara talatin kana tuƙi! Mota na ciwo, direba na shan magani! Wayyo cikina!" Can sai ya ɗago ya ga fuskar Barau, ya daina dariyar. Shi ma ai ya san Baba Audi, mijin gwaggonsa ne. Ya sha zuwa gidan ya tarar ana ba tsohon abinci a baki, tsohon yana kawar da kai don kunya.

"Ka yahe mani," ya ce. "Amma wallahi ba kai ba ne."

"Lallashina kake."

"Ni? In lallashe ka? Yaushe muka fara haka da kai? Taso ka gani da idonka."

Ya sa dutse a bayan tayar baya, ya sassauta notocin tayar gaba, ya ɗaga motar da jak, ya cire tayar. Ga faifan birki nan a fili, wani zagayayyen ƙarfe mai faɗin faranti, wanda ke juyawa tare da taya. A gefensa ga abin da bakanikai ke kira kalifa, mai kama da muƙamuƙi, wanda ke matse faifan da wasu 'yan ƙarafa biyu da ake kira fad idan an taka birki.

Salihu ya ɗauko wata doguwar ƙusa, ya dafe ta a jikin ƙarfen da ba ya motsi, bakinta na dab da fuskar faifan.

"Juya shi a hankali."

Barau ya juya. Ƙit. Ƙusar ta taɓa faifan, sai ta sake shi, har ana hango haske a tsakaninsu. Ya ƙara juyawa. Ƙit. A wuri ɗaya dai.

"Ka gani? Ƙusar ba ta motsa ba, faifan ne ke zuwa yana komawa. Ya karkace. In ka taka birki, duk zagaye ɗaya sai tudun nan ya ture fad, fad ya ture man birki, mai ya ture ƙafarka. Ka ce mani ciwon gado!"

Barau ya sake juyawa. Ƙit. Ya sake. Ƙit. Bai taɓa jin ƙara mai daɗin wannan ba.

Salihu kuwa ya tsaya yana shafa faifan da yatsa. Akwai wasu tabbai shuɗi-shuɗi a jikinsa, ga ƙananan tsagu kamar faso a diddige. Ya taɓa cikin ƙarfen tayar da ya cire, ya ji danshi. Ya ɗaga kai ya kalli sama, rana tsaka, ko ɗigon hadari babu.

"Wa ke zuba wa motar nan ruwa a ƙafa?"

"Ni ne," in ji Barau, har da ɗan alfahari. "Ka san hanyar nan yanzu. In ka shiga dajin ba ka isa ka yi sanyi ba, ga ramuka, gudu birki, gudu birki. Kafin in iso tasha har ƙauri take. Sai in sanyaya mata. Haka maigidana na farko ke yi wa babbar mota in mun gangaro tsaunukan kudu, ni ke riƙe bokitin ma."

"La'ilaha illallahu! Kullum?"

"Sau biyu. Wani lokaci uku."

Salihu ya riƙe kai. "Ƙarfe ya yi ja, ka kwara masa ruwan sanyi! Ka taɓa ganin Mansura ta sauke kaskon suya daga wuta ta tsoma shi a randa? Ai sai ya lanƙwashe. Kai ka ɗauka jaki ne, in ya yi aiki a kai shi rafi?"

"Tausayinta nake ji."

"To tausayinka ne ya karkata ta. Maigidan naka kuwa Allah ya jiƙansa, sa'a ya yi ta ci."

Barau ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi, amma irin kunyar nan ce mai sauƙin ɗauka, wadda mutum zai so a ce ita kaɗai ce damuwarsa a duniya.

Suka tsallaka titi zuwa shagon kayan gyara. Barau ya ce a ɗauki faifai ɗaya, tunda ɗaya aka gwada. Salihu ya ce ai duka biyun ya shayar, kuma ko ba haka ba, ba a sa wa mutum sabon takalmi a ƙafa ɗaya. Suka ɗauko faifai biyu da fad na gefe biyu, wato 'yan ƙarafan nan masu kauri da ke cikin kalifa, su ne ke cizon faifan.

Bayan sun yi azahar a masallacin bakin kasuwa, aka shiga aiki. Salihu ya kwance notoci biyu na bayan kalifa, ya zare ta, ya rataye ta da waya a jikin sifirin.

"In ka bar ta tana lilo, tiyon man birki zai tsage, ka ga an koma wani asibitin."

Tsofaffin fad ɗin da ya ciro sun cinye, gefe ɗaya ya fi ɗaya, fuskarsu ta yi sulɓi tana ƙyalli. Ya jefar da su. Ya kwance ƙarfen da ke riƙe kalifar, wanda notocinsa suka ƙi motsi sai da Barau ya hau kan sifana da dukan nauyinsa. Faifan kuma ya manne da tsatsa, ya ce ba inda za shi. Salihu ya ba shi guduma ta baya, ɗaya, biyu, a ta uku ya saki ya faɗo ƙasa da ƙara.

"Karɓi samfefa," in ji Salihu. "Goge mazauninsa. Tsatsar nan ruwanka ne ya haife ta, kai za ka kwashe. In ka bar ko ƙwayar gero ɗaya, sabon ma a karkace zai zauna."

Barau ya durƙusa ya yi ta gugar ƙarfen har ya yi fari. Yana guga yana satar kallon hannunsa. Hannun na aiki, ƙarfi yake sawa, kuma ba ya rawa. Ya ce a ransa, to me ya hana ni lura da haka tuntuni? Sai dai mai tsoro ba ya lissafi. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Salihu ya wanke sabon faifan da fetur don cire man da aka shafe shi da shi, ya zaunar da shi. Ya tura fistin ɗin kalifar, ƙarfen da ke turo fad, ya koma ciki a hankali, ya ɗan shafa man giris a ƙusoshin da take zamewa a kansu, ya jera sabbin fad, ya mayar da komai ya ɗaure. Ya sake dafa ƙusar nan ya ce a juya. Faifan ya zagaya shiru. Suka koma ɗaya gefen suka yi masa haka. Da aka mayar da tayoyi, Salihu ya ɗaure notocin a gicciye, wannan sannan na gabansa, yana ta faɗa da masu ɗaure su a jere kamar masu jan carbi.

Rana ta karkata lokacin da aka sauke jak. Salihu ya jefa masa makulli.

"Shiga. Kafin ka motsa, ka taka birkin sau da yawa har ya yi tauri."

Barau ya riƙe makullin, bai shiga ba. Wani sabon tsoro ne ya taso masa, wanda ya fi na safe. Ɗazu akwai abin da za a ɗora wa laifi. Yanzu faifai sabo, fad sabo. In ya taka ƙafar ta yi rawa fa?

"Kai ka fara gwadawa," ya ce.

"Ni ƙafata ba a zarge ta ba. Shiga, ina gefenka."

Barau ya yi bisimilla ya shiga. Ya taka birkin, da farko ya tafi har ƙasa, sannan ya fara tauri. Suka fita daga gari ta hanyar da ba cunkoso.

"Ƙara wuta kaɗan. Yawwa. To yanzu taka a hankali, kada ka tsaya gaba ɗaya. Sau goma za ka yi, don fad ɗin su saba da faifan."

Barau ya ɗaga ƙafa daga totur. Ya ɗora ƙafar a kan birki, ya danna.

Motar ta rage gudu sumul, kamar an zuba mai a faranti. Sitiyari bai motsa ba. Ƙafar tana nan inda ya ajiye ta.

"Ɗaya," in ji Salihu.

Ya ƙara wuta, ya sake takawa. Shiru. A na huɗu hanya ta fara yi masa hazo-hazo, ya sa hannun riga ya goge ido.

"Alhamdulillahi," ya ce. "Alhamdulillahi. Allah na gode maka. Salihu, Allah ya raya maka zuri'a. Allah ya jiƙan Kawu. Yadda ka sauke mani wanga dutse, Allah ya sauke maka na ranar gobe."

"Kai, kai, dakata," in ji Salihu, yana kallon waje ta taga don kada a ga tasa fuskar. "Kada ka ɓata mana wasa. Bawa ba ya yi wa ubangidansa addu'a da kuka, kaza yake kawowa."

"Rago zan kawo."

"Na ji. Biyar. Kalli gabanka."

Ana cikin haka wayar Barau ta yi ƙara. Hajiya Lauratu ce. Salihu ya danna ya kara masa a kunne.

"Malam Barau, ga la'asar ta yi. Tun da ka ce akwai magana na kasa cin abinci. Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Hajiya. Laifi na yi wa motarki, zan zo in faɗa maki da bakina, ki yi mani faɗa. Amma an gyara. Gobe in Allah ya kai mu ni ke da lodin Sabuwa."

Ya ji ta sauke ajiyar zuciya. "To madalla. Ni na ɗauka barinmu za ka yi. Ka zo dai, faɗan ba zai yi yawa ba."

Goman Salihu ta cika tun kafin su juyo. Barau bai daina ba. Ya yi na goma sha ɗaya, ya yi na sha biyar. Suna shigowa gari yana ɗan ƙara wuta yana takawa, yana ƙara wuta yana takawa, yana murmushi shi kaɗai.

"Ya isa haka, za ka cinye mani fad tun yau," in ji Salihu.

"Bari in ƙara ɗaya."

A bayansu akwai wata a-kori-kura da ta sha lodin masara, direbanta ya yi ta danna ham tun daga gidan mai. Da ya samu sarari ya fizgo ya jero da su, ya leƙo da kai, idonsa jajur.

"Haba Baba! In tsufa ya hana ka tuƙi, ka sauka ka ba masu ƙafa mana!"

Salihu ya buɗe baki zai rama. Barau ya riga shi. Ya zuro kai ta taga, hular ta karkace, fuskarsa jiƙe da hawaye, yana dariya.

"Ina da ita, ɗana! Wallahi ina da ita! Allah ya yi maka albarka!"

Direban ya kalle shi galala, ya girgiza kai, ya ja motarsa ya wuce. Barau ya bar shi ya yi nisa, sannan ya ƙara wuta ya sake taka birki.